Rabin Kan da Bai Ga Jan Haske Ba

Zuwa ga ɗana Nuhu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya a duk inda ka buɗe ta, ko a cikin mota kafin ku wuce Zariya, ko a ɗakin da za ka sauka a Abuja. Allah ya tsare hanya, ya sauke ka a hannun mutanen kirki.

Hotunan nan biyu na kaina da ka ɗauka da waya, na kafin in fara sa hular jan haske da na bayan wata huɗu, ban yarda a buga su ba. Na san ka riga ka tura wa mai shagon kayan lafiyar da ya ɗauke ka aiki. Na san ya ce da su za a buɗe tallan hulunan, kuma tallan nan shi ne aiki na farko da ya damƙa maka. Ka gaya masa tsohon ya ƙi. Idan ya tambayi dalili, dalilin yana cikin takardar nan, sai ka zaɓi abin da za ka karanta masa.

Na so in faɗa maka baki da baki shekaranjiya a zaure. Ka shigo da wayar a hannu kana cewa, "Baba, ka ga ikon Allah? Dubi nan, sannan ka dubi nan!" Na duba, na ce maka to kawai. Shekara talatin da na yi ina aikin jarida sun sa hannuna ya fi bakina iya bayani, don haka ka yi haƙuri da tsawon rubutun.

Zan fara da laifin da na yi maka. Ranar da ka kawo hular, muna cin ɗumame da safe ni da kai da yayunka biyu. Ka ce mai shagon ne ya ba ka ita ka gwada kafin ka kama aiki. Ka fito da ita daga kwali, ka danna maɓalli, cikinta ya kama da ja, ƙananan fitilu a jere kamar ƙwayar masara a jikin totuwa. Ka ce idan mai sanƙo yana sa ta na ɗan lokaci kwana bi kwana, gashinsa zai iya dawowa. Na ce, "Wannan ai ta ƙyanƙyasar ƙwai ce. A kai wa Innarku ta kifa wa kazarta." Yayunka suka fashe da dariya. Da na tsaya a nan da sauƙi. Sai na nuna goshinka na ƙara da cewa, "Ko kai ne kake neman mafaka tun yanzu?" Ka jawo hularka ta sauko har kusa da gira, ka tashi ba ka ƙarasa cin abincin ba.

Bayan kun fita Innarka ta zo ɗaukar kwano, ta ce, "Malam, kai ka gadar masa abin nan, kuma kai ne za ka fara yi masa dariya?" Shekararka ashirin da shida, gefen goshinka biyu sun fara ja da baya, daidai yadda nawa suka fara a irin shekarunka, kuma na fi kowa sanin yadda mutum ke ji idan ya shafa kansa ya ji wurin da babu komai. Ka yafe mini. Mutanen da za su riƙa shigowa shagonku, da irin wannan damuwar za su shigo. Wani zai ce wa ƙaninsa yake tambaya wa, alhali hularsa ba ta motsa daga kansa. Kada ka yi masa dariya ko a bayan idonsa. Kada kuma ka yi amfani da kunyarsa ka sayar masa da abin da ba ka tabbatar ba, domin mai jin kunya ba ya dawowa ya yi ƙorafi, sai dai ya tafi da abin a cikinsa.

Dariyar da na yi tana da asali, kuma ban taɓa ba ka labarin ba. A shekarata ta biyu a ofishin jarida a Kano, na je wata kasuwa na tarar da wani mai magani ya tara jama'a da lasifika. Yana sayar da wani baƙin mai a ƙananan kwalabe, ya manna hotuna biyu a jikin kwali: mutum mai sanƙo a hagu, mutumin da suma ta cika masa kai a dama. Na tsaya na yi hira da shi, na karɓi hotunan, na koma ofis na rubuta labari mai daɗin karatu. Editanmu ya ɗaga kai ya ce, "Ka ga mutumin da idonka?" Na ce na ga hotonsa. Lokacin kai shafi wurin bugawa ya ƙure, ya sa hannu, labarin ya fita. Na sayi kwafi uku na kawo gida don a ga sunana.

Bayan kamar wata biyu na zo hutun ƙarshen mako. Ina wucewa ta gindin dalbejiyar ƙofar masallaci sai Tanko wanzami, wannan dai da ka sani, lokacin yana saurayi bai daɗe da karɓar zabira daga hannun mahaifinsa ba, ya ƙwala mini kira: "Ɗan jarida, zo ka ga labarinka!" Malam Habu tela ne zaune a gabansa. Tanko ya cire masa hula. Tsakiyar kansa ta saɓule, ta yi ja, gefe yana ruwa. Malam Habu bai iya karatun boko ba. A teburin mai shayi aka karanta masa labarin, aka ce masa ɗan gidan Malam Isa ne ya rubuta, shi kuwa ya ce ɗan Malam Isa ba zai yi ƙarya ba, ya hau mota ya je ya sayo man. Da na koma na bi diddigi, sai na gano mutanen da ke cikin hotunan wa ne da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya. Tabon nan bai bar kan Malam Habu ba har ya koma ga Allah. Bai taɓa yi mini maganar ba. Yakan gaishe ni ya tambayi aiki, ni kuma in rasa inda zan sa idona.

Ban yi ƙarya ko ɗaya a labarin nan ba, Nuhu. Duk abin da na rubuta, mai maganin ya faɗa. Abin da na yi shi ne na ara masa sunana da na ubana. Kai ma abin da za ka ara wa hular nan ke nan. Kafin ka jera hoto biyu, ka tambayi wanda ya ɗauka, da ranar, da wurin, da abin da ya canja tsakaninsu ban da maganin.

Daga nan kuma sai na faɗa ɗaya gefen. Na zama mutumin da ba a kawo masa sabon abu bai taɓe baki ba, har ina ganin wannan shi ne wayewa. Bayan na yi ritaya na dawo gona, aka fara kawo buhunan nan masu leda biyu a ciki, aka ce idan an ɗaure su da kyau ƙwari ba sa cin wake ko ba a zuba magani ba. Na ce wata dabarar 'yan kasuwa ce. Maƙwabtanmu suka saya, suka ajiye wakensu har farashi ya tashi suka kai kasuwar Dawanau. Nawa kuwa da aka kwance bakin buhu, gari ne ya fara zubowa. Kana aji biyu a sakandare lokacin, kai ka taya Innarka sheƙe abin da ya rage. Da na sayi buhu guda ɗaya kawai na gwada, da na sani. Ƙin yarda ba tare da dubawa ba shi ma lalaci ne, bai fi saurin yarda da komai ba. Shi ya sa bayan Innarka ta yi mini faɗa na kira ka na ce ka bar mini hular zan sa, sannan na zauna na karanta duk abin da wayata ta iya buɗe mini a kanta.

Abin da na samu ya ba ni sha'awa fiye da yadda na zata. An ce asalin maganar wani likita ne a ƙasar Hungary, tun da daɗewa, ya aske bayan ɓeraye yana haska musu wani haske don wani bincike daban, sai ya lura gashin waɗanda ya haska ya riga na sauran dawowa. Ka lura da wannan: yana da ɓerayen da bai haska ba, shi ya sa ya gane. Daga baya an gwada a kan mutane. A ba wasu hular gaske, a ba wasu ta bogi mai kama da ita, a yi alama a wuri guda a kai, a ƙirga gashin da ke wurin kafin da bayan 'yan watanni. A yawancin abin da na karanta, masu hular gaske sun ɗan fi samun ƙari. Har yanzu masana ba su gama daidaitawa a kan yadda hasken ke aiki ba. Wasu na cewa yana ƙara wa tushen gashi kuzari ne, wasu na maganar gudun jini. Ba zafi ba ne ke aikin, don ni ɗan ɗumi kawai nake ji.

Amma akwai abubuwan da takardar da ke cikin kwalin ba ta faɗa ba. Da yawa daga gwaje-gwajen, masu ƙera na'urorin ne suka ɗauki nauyinsu. Wannan bai mayar da su ƙarya ba, amma ɗan jarida yakan rubuta shi a gefen takarda. Ba su cika yin tsawo ba, 'yan watanni ne. An fi yin su a kan waɗanda sanƙonsu bai yi nisa ba, inda gashi ya sirance amma tushensa yana raye. Wurin da ya riga ya yi santsi yana sheƙi, ban ga wanda ya yi alkawarin dawo da shi da gaske ba. Ƙarin da ake samu kuma na ƙirgawa ne da gilashi, ba lallai ne maƙwabci ya lura ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, masu baƙar fata irin tamu ba su da yawa a cikin waɗanda aka gwada, alhali fata mai duhu tana shanye haske fiye da fara. Ko yana isa inda ake so ya isa a kanmu kamar yadda yake isa a nasu? Ban sami amsar da ta gamsar da ni ba. A nan ne na ji ina son in gani da kaina.

Yadda zan gwada kuwa, a gona na koya, shi ma ta hanyar kuskure. Damina ta uku bayan dawowata na sami wani sabon takin zamani na zuba wa gonar geron bayan gari gaba ɗaya. Ruwa ya yi kyau a shekarar, gero ya yi yadda ban taɓa gani ba. Na shiga yabon takin a ko'ina, har a kasuwar Ɗanbatta. Baba Ado, wanda gonarsa ke iyaka da tamu, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam Shu'aibu, to wa ya ba ka geron, takin ko ruwan? Ni takin awaki na zuba, zo mu ƙirga dami." Muka ƙirga, bambancin bai taka kara ba. Ya ce shi tun yana yaro, duk abin da zai gwada, iri ne ko taki, sai ya bar kunya uku a tsakiyar gona bai sa musu ba. Ranar girbi kunyoyin nan uku su ne shaidunsa. Mutumin nan bai taɓa zama a aji ba, amma abin da likitan ɓerayen ya yi shi yake yi duk shekara.

Saboda haka na bar kunya uku a kaina. Na sa Innarka ta ɗinka mini rabin hula da baƙin yadi mai kauri, ninki uku, wadda ke rufe gefen hagu tun daga goshi har ƙeya. Ita nake fara sawa, sannan in ɗora ta lantarkin a kai. Tana ɗinki tana dariya, ta ce, "Wato idan abin ya yi aiki, haka za ka tafi masallaci da gashi a gefe guda kamar zakaran da aka fige rabi?" Na ce ai akwai hula. Ta ce, "Hula dai, hula dai. Ku maza ban san me za ku yi ba da babu ita." Wata huɗu ke nan ina yin haka da hantsi a ɗakina, kwana bi kwana, iya mintocin da takardar ta ce, ban tsallake ba sai ranar da hadari ya hana sola caji. Gefen hagu na kaina bai taɓa ganin jan hasken nan ba ko sau ɗaya.

Ban gaya maka ba, kuma wannan ma kuskure ne. Kana ta kai da komo Kano wajen koyon aikin, ni kuma na ce a raina idan ka sani za ka ɗauka wata dariyar ce nake shirya maka. Da na faɗa maka tun farko, da ba ka tura wa kowa hoto ba, da ba ka shiga halin da za ka shiga yanzu a gaban mai gidanka ba. Kason laifina a nan ya fi naka.

Yanzu buɗe hoto na biyu ka duba da kyau. Gashin da ka yi murna da shi yana nan a dama, yana nan a hagu, daidai wa daida. Idan hular ce ta fito da shi, wa ya fito da na hagun? Sai ka duba ranakun da wayarka ta rubuta. Na farko ranar Juma'a ka ɗauka, Tanko ya gama aske ni ke nan, ya shafa mini mai, ina zaune a tsakar gida rana tana dukan kaina. Na biyu ranar Alhamis ka ɗauka, jajiberin aski, kwana goma sha uku rabona da aska, a cikin inuwar zaure. Abin da hotunan suka nuna shi ne gashi yana tsirowa bayan an aske shi. Mutanen da ke barin suma ba za su faɗa wannan rami ba. Mu da ake aske mu ƙwal duk mako biyu, kan kowane ɗayanmu yana da hoton kafin da na bayan, ko ya sha magani ko bai sha ba. Ba ka yi niyyar yaudara ba, na sani. Amma wanda zai ga tallan a wayarsa a Bici ko a Kazaure ba zai ga niyyarka ba, kan tsoho zai gani da sunan ɗansa a ƙasa.

Da na rasa yadda zan ƙirga gashin kaina, sai na tuna akwai wanda ya fi ni sanin kan nan. Mahaifin Tanko ne ya yi mini askin suna, shi kuma Tanko ya fi shekara arba'in yana bin kan nan da aska. Na ce masa, "Akwai gefen da nake yi wa magani, akwai wanda na bari. Ba zan gaya maka wanne ba ne. Idan askarka ta ji bambanci, ka faɗa mini."

Ya ce, "Ɗan jarida, ka tsufa ba ka daina neman labari ba. Kan da ya zama bayan ƙwarya, me aska za ta ji a kai?"

Na ce, "Tsakiya ce ƙwarya. Kewayen fa?"

Ya ce, "Kewayen ma saura kaɗan. Amma kawo, kuɗin askinka dai ba zai ragu ba."

Aski bakwai a jere yana cewa babu komai. Wancan askin, washegarin ranar da ka ɗauki hoto na biyu, yana cikin aiki sai ya tsaya. Ya mayar da babban yatsansa wani wuri a bakin santsin, ya shafa sama ya shafa ƙasa. Ya ce, "Nan aska ta yi magana. Da kamar gashin jariri ne a wurin, yau na ji ɗan ƙarfi." Gefen dama ne, wanda ke samun haske. Ban nuna masa komai a fuska ba, amma ba zan ɓoye maka ba, sai da na ji murna kamar yaro.

Da na dawo gida na zauna na nemi abin da zai ƙaryata shi, kamar yadda editan nan ya kamata ya tilasta mini tun farko. Gefe biyu ne kawai, ko da ka ya faɗa yana iya dacewa. Sannan Tanko da dama yake farawa koyaushe, lokacin da askar ke da sabon wasa. Kafin ya iso hagu ta ɗan dakushe, kuma aska mai kaifi da dakusasshiya ba sa jin gashi iri ɗaya. Gaskiya ne ya daɗe yana farawa da daman bai ji komai ba, amma ƙofa ce a buɗe, gara a rufe ta. Na koma na ce masa aski mai zuwa ya fara da hagu. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "A'uzubillahi! In fara da hagu? Ubana bai yi ba, kakana bai yi ba, sai a kanka saboda hular fitila?" Na yi ta lallashi bai yarda ba, ni ma daga baya na ga bai kamata in matsa masa ba. Muka daidaita a kan zai zo da aska biyu, ya wasa su tare a gabana, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Yau ne askin, in an sauko daga masallaci.

Ga abin da za ka kai wa mai gidanka a madadin hotunan. Ka ce masa tsohon bai ce hular ba ta aiki ba, cewa ya yi bai sani ba tukuna, kuma yana kan dubawa. Idan Tanko ya ci gaba da nuna wuri ɗaya har aski huɗu a jere, ka zo gida mu ɗauki hoto yadda ya kamata: kwana bakwai bayan aski, a ƙofar zaure, da hantsi, dama da hagu a cikin hoto guda, a kuma rubuta a ƙasa cewa rabin kan ne ya sami haske, kuma kan mutum ɗaya ne, ba hujja ce a kan kowa ba. Wannan zan sa masa hannu da sunana cikakke. Idan mutumin kirki ne zai ga ya fi wancan daraja. Idan kuma ya ce ko tsofaffin hotunan ko ka bar masa shagonsa, ba zan ce maka abu ne mai sauƙi ba. Na ga yadda ka yi shekara biyu kana yawo da takardunka bayan ka gama karatu a Bici. Amma ɗakinka yana nan, kuma gara ka dawo ka sake nema da a kira ka wata rana a gindin bishiya a cire wa wani hula a gabanka.

Masu saye kuwa, ka gaya musu abin da aka sani ka tsaya a nan. Wanda gashinsa ya fara sirancewa yana iya samun ɗan ƙari bayan watanni, yana iya rasawa. Wanda kansa ya riga ya yi santsi, ka ce masa ya riƙe kuɗinsa. Ka faɗa musu ba abin sha-yanzu ba ne, kuma idan aka daina, abin da aka samu yana iya komawa. Idan ka ga gashi ya zube tsibi-tsibi, ko akwai ƙaiƙayi da ƙuraje irin na makero, ko mace ce da kitso mai tsauri ya cinye mata gaban goshi, wannan wata matsala ce daban, asibiti za ka tura su. Ka kuma sanar da su akwai maganin shafawa da na sha da likitoci ke rubutawa, waɗanda aka fi daɗewa ana bincike a kansu, ko da ba a shagonku ake sayarwa ba. Za ka rasa ciniki ɗaya ko biyu ta haka. Na yarda.

Saura naka kan. Naka a farkonsa yake, kuma duk abin da na karanta ya nuna a farkon ne ake iya yin wani abu. Idan ka zauna ka huta, ka nemi likitan fata ka cire hula a gabansa ka ji abin da zai ce. Idan ka ga za ka gwada hular, ka gwada, ka riƙa ɗaukar hoto a rana ɗaya bayan aski, a wuri ɗaya. Idan kuma ya tafi duk da haka, zan gaya maka abu ɗaya. Watan farko na aurenmu ban yarda Innarka ta gan ni babu hula ba, har barcin rana da ita nake yi. Rannan ta gaji ta ce, "Malam, cire ka sha iska. Ranar da danginka suka zo gidanmu na leƙa ta taga na ga Babanku ya cire tasa zai yi alwala. Tun ranar na san abin da ke tafe." Wata guda na sha zafi a banza.

Ka riƙe salla a kan lokacinta. Ka riƙa kiran Innarka ko ba ka da labari, muryar take so. Ta sa maka ƙuli-ƙuli da yaji a ƙasan jaka, kada ka ɗora takalmi a kai. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka daga cutar da wani da kuma a cuce ka, ya ba ka abincinka ta hanyar da ba za ka sunkuyar da kai ba. Allah ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Mahaifinka,
Shu'aibu Isa

Ƙari, bayan sallar Juma'a: Tanko ya zo da aska biyu, ya wasa su a gabana. Ya sake tsayawa a gefen dama, wuri ɗaya da na wancan karon, faɗinsa bai wuce babban yatsa ba. A hagu ya ce bai ji komai ba. Har yanzu ban gaya masa wane gefe ne ke samun hasken ba. Biyu ke nan cikin huɗu. Aski na gaba sai Juma'a ta sama.